Bencin Ƙofar Likita

Ta kawo mahaifiyarta asibiti, ta fito nemo mata ruwa, sai ta hango shi zaune a benci, ƙofar likitan ƙwaƙwalwa. Direban da za ta aura ne, wanda ya ce mata yau yana kan hanya.

Yana ganinta ya cusa katinsa na asibiti a aljihu, ya sunkuyar da kai.

"Nan ce hanyar?" ta tambaya a hankali.

Ya ce, "Tun hatsarin nan da na yi ban sake riƙe sitiyari ba. Ko ƙarar birki na ji, sai jikina ya ɗauki rawa, in riƙa ganin fasinjojin da suka mutu. Wata huɗu ina miki ƙarya. In kin fasa, wallahi ban ga laifinki ba."

Ita ma kunya ta rufe ta. Sau nawa ta yi masa tsiya don yana zabura in an buga ƙofa?

"Me likitan ya ce?"

"Ya ce ana warkewa. Ya ce in zo da wani nawa, ni kuwa na kasa faɗa wa kowa."

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira shi. Ya miƙe.

Ta gyara mayafinta, ta miƙe ita ma. "Layin Mama da saura, mu shiga. Ƙaryar kuma, za ka amsa min ita in mun fito."