Ranar da Baƙina Suka Yi Dariya a Kotor

Ina tsakiyar tambayar ko daidai ne gari ya kulle ƙofa ya bar masu annoba a waje, sai baƙin da suka sauko daga jirgin ruwa suka fashe da dariya.

Na yi mamaki, amma na ji daɗi. Da safe Madam Zorka, mai kamfaninmu na zagayawa da baƙi, ta ce, "Blazo, yawo suka zo, ba zaman makoki ba. Tsakaninka da abokin aikinka Vukota, duk wanda aka kawo ƙararsa yau, a bakin aikinsa."

Haka muka zaga garin Kotor, ayarin Vukota na biye da mu. Ina magana ƙasa-ƙasa a makirufo, suna ji ta na'urar kunne. Na yi zancen mutuwa, suka tafa. Na yi zancen amana, wata tsohuwa har da riƙe ciki. Na ce a raina, ashe duniya ta fara fahimtata.

A bakin jirgi Vukota ya iso, ya jiƙe da gumi.

"Aboki, na shiga uku. Duk barkwancin da na sani na zazzage, suna kallona kamar na kashe musu uwa. Wani har gyangyaɗi ya yi a tsaye!"

Na duba makirufona. Lambar ayarinsa ce a jiki. Tun safe mutanena shi suke ji, nasa kuma ni.

Madam Zorka ta dafa kafaɗata. "Sarkin tunani, baƙinka sai yabonka suke yi, yau me ka ba su?"

Vukota na kallona. Na tura makirufon cikin aljihu.

"Gaskiya, Madam. Gaskiya kawai."