Maƙalar Doyar Kona

Karo na uku ke nan da mujallar ta dawo da maƙalar, kuma wannan karon editan bai ɓoye gajiyarsa ba. In ba a aiko da gyara kafin tashi daga aiki ranar Juma'a ba, za a rufe maganar. Ga shi Juma'ar ta zo, har an sauko daga masallaci.

Raliya ta gyara zama a ofishinsu na sashen aikin gona, ta share gumi da bakin mayafi. Wuta ta ɗauke tun hantsi, fanka ta tsaya cik, batirin kwamfutar kuma ya kusa rabi. Ta sake kallon shafin farko. Sunaye biyu ne a ƙarƙashin taken: Dakta Lawali Maishanu a sama, Raliya Mus'ab a ƙasa.

Binciken nasa ne tun daga tushe. Shi ya damu da yadda doya ke ruɓe wa manoman Kona, kusa da Jalingo, a ajiya, shi ya tsara rumbu mai shan iska ta ƙasa, shi yake hawa babur ya je ya auna zafi da laimar cikinsa. Amma da aka zo kan rubutu, sai ya bar mata komai. Ga teburinsa can gefe, takardu sun yi tudu, babu wanda ya taɓa.

Ita ba gwanar rubutu ba ce, a wurinsa ta koya. Ya sha faɗa mata cewa gabatarwa ba wurin tatsuniya ba ce: faɗi matsalar, faɗi abin da waɗansu suka yi, nuna gurbin da suka bari. Hanyar bincike kuwa a rubuta ta yadda wanda bai san Jalingo ba zai iya maimaita aikin. Tsakure, wato taƙaitaccen bayanin maƙala, a ƙarshe ake rubuta shi, ko da yake shi ake fara karantawa. Duk ta bi, wata da watanni, har idonta ya soma yaji.

Cikin masu duba biyu da mujallar ta ba maƙalar, na farko ya gamsu tun zagayen baya. Na biyun ne ya kafe. Ya ce jadawali ya yi cunkoso, ta raba shi gida biyu. Ya ce manazarta sun tsufa, ta nemo sababbi. Ya ce kammalawar ta yi iƙirarin da sakamakon bai kai ba, ta rage mata ƙarfi. Saura tambaya ɗaya, wadda sau biyu tana zagaye ta da dogon Turanci, shi kuma yana dawo da ita: me ya sa awon ya tsaya a watan Agusta, alhali an ce za a kai ƙarshen damina?

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Dakta Benjamin ne, na ofishin kusa.

"Madam, sannu da haƙuri. Har yanzu wannan takardar ce?"

"Ita ce, Dakta."

Ya leƙa kwamfutar, ya karanta tambayar, ya rage murya. "Ki ji shawara. Layin awon nan ai ya nuna inda ya dosa. Ki cike sauran makonnin da kanki, ki ce an manta ne ba a saka ba. Wa zai taso daga Turai ya je Kona ya bincika?"

 Maganar ta shiga zuciyar Raliya, domin ita ma ta raya hakan a ranta ba sau ɗaya ba. Alƙaluma kaɗan ne. Kafin la'asar ta gama, ta huta, ta yi barci irin na mutane.

"Da sunansa a sama?" ta ce a ƙarshe. "Ka san halinsa. Mutumin da ya taɓa zubar da aikin wata guda don ma'auni ya karkace."

Benjamin ya sunkuyar da kai. "Gaskiya ne. Ki yi haƙuri, Madam." Ya ja mata ƙofar a hankali.

Ta jawo kwamfutar kusa. Ta Lawali ce, har harafin da ya fi dannawa ya goge. Ta juya ta dubi kujerar da ke bayan teburin can, haushi ya taso mata. Kai ka faro abu, ta ce a ranta, ka ja ni ciki, sannan ka bar ni da mutanen da ba su san fuskata ba suna yi mini tambaya kamar mai laifi.

Batiri ya nuna ja. Ta rubuta layi, ta goge. Ta sake rubutawa da kalmomi masu laushi, ta ga kwana-kwana ce irin ta baya, ta goge. Sai ta tuna abin da Lawali yake yawan faɗa wa ɗalibai: in mai duba ya yi tambaya, a ba shi amsa a jimla ɗaya, gaskiya tsirararta, ba ado.

Ta ja dogon numfashi, ta buga jimlar. Ta karanta sau ɗaya, ta aika, ta kifa kai a kan tebur.

Abin da ta rubuta shi ne: "Awon ya tsaya a watan Agusta ne saboda marubuci na farko, wanda shi ne mijina, mota ta buge shi a hanyar dawowa daga rumbun Kona, ya rasu a ranar."