Waƙar Yaya Ta Ƙi Fita

Ku yi haƙuri da ni, ban taɓa rubuta labari ba, karantawa kawai na iya.

"Ta ƙi yin ƙara!" in ji Yaya, yana dukan tebur. A fuskar kwamfuta layukan sautin waƙar da ya rera ya naɗa suna ta tsalle, amma ɗakin tsit. Ya toshe ƙofa da taga da katifu, domin Baba ya ɗauka karatun jarrabawa yake yi, kuma ya rantse zai fasa kwamfutar ranar da ya ji waƙa.

Yaya ya zare wayar lasifika ya mayar. Ya hura ramin da ake soka ta. Ya kashe manhajar ya kunna.

"Yaya, ko ka duba inda sautin yake fita?"

"Ke Malama Tabarau, koma kan littafinki."

Ya ƙure ƙarar, ya sake dannawa. Shiru.

Na janye katifa na fita shan ruwa. Sai ga muryar Yaya daga falo kamar aradu: "Masoyiyata, na ƙone ƙurmus!" Ashe kwamfutar ta haɗu da rediyon Baba mai bulutut, wanda ke kama sauti ba tare da waya ba. Baba na tsaye, rediyo a hammata, yana laluben takalmi.

Na rungume littafina, na sulale ta ƙofar baya.