Jingar Kuɗin Korona

"Ta riƙe, Dakta!" Ciyaman ya daki kafaɗar Rilwanu. "Wallahi ta riƙe!"

Suna tsaye a kan sabuwar jinga, Kogin Haɗeja yana tafasa a ƙarƙashinsu, ja wur, ɗauke da ciyawar kacala da mushen akuya. Rilwanu ne masanin da jiha ta turo ya nuna wa ƙananan hukumomi yadda za su kashe tallafin korona da hankali. Wata uku ya yi yana rigima kafin ya hana ciyaman sayen bokitan wanke hannu, bayan kowa ya daɗe da daina wankewa. Aka zuba kuɗin a jinga. Bana ko gonar shinkafa ɗaya ba ta nutse ba.

Wani tsohon masunci da ke gyaran koma a gefe bai ko ɗago kai ba.

"Baba, ba ka murna ne?" in ji Rilwanu.

"Ina yi, ɗan nan. Sai dai jinga ba ta shanye ruwa, tura shi take yi." Ya nuna tsallake da haɓa.

Ciyaman ya ƙyalƙyale da dariya. "Can ai ba ƙasata ba ce. Nasu ciyaman bokiti ya saya."

Rilwanu ya dubi tsallaken. Ƙaramar hukumar da aka haife shi ce. Shi da kansa ya ajiye ta ƙarshen jadawalin aikinsa, don kada a ce ya yi son kai. Rimin ƙofar gidansu, rassan sama kawai suka rage a kan ruwa.

Ya kira lambar mahaifiyarsa. Wata murya mai ladabi ta ce ya sake gwadawa an jima.