Wanda Ya Tsaya wa Kanta

Sati biyu kacal takardun Kanta direba suka fito: izinin shiga Dirku da na bin ayarin sojoji daga Agadas. Wani ɗan kasuwa da ko sunansa bai sani ba ne ya tsaya masa, har ya aiko da ɗan rakiya, Abdul Aziz.

Rabon Kanta da hanyar nan shekara uku, tun ran da ya gudu ya bar amininsa Arziki a bakin wata rijiya cikin zazzaɓi. Ya dawo Madarunfa ya ce da hannunsa ya binne shi.

Goggo, uwar Arziki, ta zo sallama. Ita ke ɗibar ƙasar sawun matafiyi ta ƙulle, don ya dawo gida. Mota na tashi, Kanta ya hango ta a madubi. Tsintsiya ta sa tana share sawunsa.

Ya taka birki, ya miƙa wa Abdul Aziz takardar izinin. "Malam, ba na karatun Faransanci. Wa ya sa hannu nan?"

Abdul Aziz ko kallonta bai yi ba.

"Arziki. Ya ce in kai ka bakin rijiyar. Ja mu tafi."