Ƙafar Kofur Tibúrcio

Dalva tana soya rogo ta ji an sake ambatar sunan. Wata biyu ke nan da Saje Ademir ya auro ta daga ƙauyensu ya kawo ta gidajen sansanin sojan sama, inda kofuna ke rawa a kan tebur duk sanda aka tada jirgin gwaji. Duk Lahadi abokan aikinsa kan taru a bayan gida su gasa nama. Ita ba ta fita, kunya ba ta barinta. Tagar kicin ta ishe ta.

Daga tagar nan ta san kowa. Ta san ɗalibin da ya yi amai a jirgi, da wanda aka jefa a tafki ranar da ya fara tashi shi kaɗai. Ta kuma san Kofur Tibúrcio, ko da yake bai taɓa zuwa cin nama ba.

Shekararsa goma sha huɗu a sansanin, ba a taɓa ƙara masa girma ba. Duk aikin da matuƙa ke gudu shi ake ɗora wa. In an kawo sabuwar laimar dira, shi. In za a gwada kujerar da ke cilla matuƙi waje idan jirgi ya lalace, shi. Babu ɗalibin da ke tashi shi kaɗai sai ya je ya sara masa, ya saka masa sigari a aljihu.

"Ademir, yaya mutumin naka?" in ji Saje Osvaldo, bakinsa cike da nama.

"Ƙafar hagu ce kuma. Iska ta kwashe shi ta maka shi da shingen gonar rake."

"Ya ce wani abu?"

"Tibúrcio? Ka taɓa jin ya yi ƙorafi? Ai ba irinka ba ne, da ƙaya ta soke ka ka kwana uku a asibiti."

Aka kwashe da dariya.

"To, gwajin ran Laraba fa?"

"Kanar ya ce Kofur zai tashi. Ni zan ɗaure ƙafar, in ta riƙe shi ke nan."

Rogon Dalva ya ƙone. Mutum da karyayyar ƙafa za a cillo daga sama, kuma mijinta ne mai ɗauri, shi da ko yatsa bai taɓa ɗorawa ba!

Ta so ta tambaye shi. Amma tun ranar farko ya ce mata zancen gwaji ba na gida ba ne, in ta yi magana zai san tana laɓe a taga. Ran Litinin ta kunna wa Kofur kyandir a coci. A hanyar dawowa ta iske maƙwabciyarta Dona Iracema tana shanya.

"Dona Iracema, wai Kofur Tibúrcio yana da iyali?"

"Wa zai aure shi, 'yar nan?" Matar ta yi dariya har ta yar da riga. "A rumfar jirage ta uku yake kwana."

Ran Talata Dalva ta yanka kaza, ta yi romo da shinkafa irin wanda uwarta ke yi wa marar lafiya. Ta naɗe tukunyar da tawul. Ta san abin da ke samun sajen da matarsa ta tsallake shi ta je ofishin Kanar: canjin wurin aiki, can bakin iyaka cikin daji. Sau biyu ta kai ƙofar gida ta dawo. Na uku ta rufe ido ta fita.

Kanar Belmiro, shugaban sansanin, ya ɗago daga takardunsa ya ga yarinya rungume da tukunya.

"Ranka ya daɗe, ni matar Saje Ademir ce. Bai san na zo ba, don Allah kada a taɓa shi." Ta ƙara rungume tukunyar. "Ban yi karatu mai nisa ba, amma na san ƙashi ba ya haɗewa a kwana uku. Bawan Allah nan ba shi da kowa. Don ba ya magana, sai a yi ta jefo shi kamar buhun wake? Ku bar shi ya warke."

"Wane bawan Allah, malama?"

"Kofur Tibúrcio."

Gashin bakin Kanar ya motsa. Ya tashi ya je taga, ya juya mata baya, ya daɗe a tsaye, kafaɗunsa na girgiza. Dalva ta ji tausayinsa. Ashe shi ma abin na cinsa.

Da ya juyo yana share ido, ya ce, "Shekara goma sha huɗu, babu wanda ya taɓa shigowa nan ya tsaya masa. Ni ma ban yarda da ƙafar nan ba. Na ba shi hutun mako guda. Mijinki kuwa yana nan daram. Zo mu je, ki faɗa masa da bakinki."

Suka ratsa filin jirage, Kanar a gaba, ita a baya da tukunya. Ɗalibai suka ga abin mamaki suka biyo su. A rumfa ta uku Ademir ya hango matarsa tare da Kanar, sifana ta suɓuce daga hannunsa.

Kofur na zaune ya ba ƙofa baya, da hular ƙarfe a kansa, aljihunsa tam da sigari.

"Sannu da jiki, Kofur," in ji Dalva a hankali. "Gobe ba za ka tashi ba."

Ta zaga ta gabansa don ta miƙa masa romon, sai ta ga ƙafarsa ta hagu kwance a kan teburin Ademir, wayoyi na leƙowa daga gwiwa, shi kuwa Kofur Tibúrcio, mutum-mutumin gwaji, ya zuba mata fuskarsa ta roba, sumul, ba ido ba baki.