Makon Ƙidaya a Layin Manfuha

Tun ranar Lahadi Musbahu yake tuƙi ba hula, sanƙonsa na ƙyalli kamar an shafa masa man gyaɗa. Fasinjoji suka yi ta tsokanarsa, shi kuwa dariyar yaƙe kawai yake yi. Hankalinsa ba ya wurin.

Shekara da shekaru yana jan bas daga unguwar Manfuha da ke Riyadh zuwa Birnin Masana'antu na Biyu, a ƙarƙashin kamfanin da ya yi masa iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Kowa a kamfanin ya san abin da fasinja ke biya bai isa ko man mota ba. Tallafin gwamnati ne ke riƙe da layukan duk sanda asusu ya yi ƙasa. To bana asusun ya faɗi warwas, tallafin kuma ya zo da sharaɗi. Shakir, mudir ɗinsu, wato manaja, Basudane, ya tara direbobi ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: mako mai zuwa za a ƙidaya fasinjoji, layin da ke da jama'a a ci gaba da tallafa masa, wanda ba shi da su a rufe.

Ba sai an yi wa Musbahu tafsiri ba. In layi ya tafi, direba ya bi shi, iƙama ta bi direba. 'Yarsa Safiyya a Riyadh aka haife ta, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, ga shi saura mata shekara guda ta gama sakandare. Da wane baki zai ce mata ta haɗa kaya?

Ghali, abokin aikinsa mai jan layin Murabba, wanda ba a taɓa tambayarsa abu ya ce bai sani ba, shi ya ƙara masa bayani.

"Mutum suke turowa, cikin farar jallabiya. Ya zauna can baya yana latsa waya, alhali kawunanku yake ƙirgawa."

Ranar Juma'ar da ta gabaci makon ƙidayar, da aka idar da salla, Musbahu ya ajiye kunya ya miƙe a harabar masallacin unguwa. Ya roƙi 'yan uwa don girman Allah su hau motarsa mako guda, ko da ba inda za su.

Suka kuwa amsa. Ɗaliban jami'a da littattafansu, teloli, masu jiran aiki, har da Malam Mamane, tsohon nan na Maraɗi da ƙafa ke damu. Matar Musbahu, Jamilatu, ta turo matan unguwa suka cika kujerun iyali da ake ware wa mata. Wasu su je ƙarshen layi su dawo, su sake komawa. Ba ka jin komai a bakin ƙofa sai sallama da gaisuwa.

Musbahu ya karɓe su yadda ake karɓar wanda ka gayyato gidanka. Ya sayo dabino da ruwan sanyi ya ajiye a gaba. Mutum ya bar sabgarsa ya zo rufa maka asiri, ai ba ka sake ɗora masa wani nauyi. Kuma tunda ba ya yiwuwa a ware baƙo da wanda ba baƙo ba a mota ɗaya, har 'yan Bangaladash da suka saba hawa kullum suka samu rabonsu na karamci.

Idonsa dai na kan madubi. Ranar Talata wani mai farar jallabiya ya shigo ya wuce baya yana latsa waya. Musbahu ya sa aka miƙa masa dabino har sau biyu, ya tuƙa motar a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Mutumin ya sauka ya yi gaba.

Da ya koma gida Jamilatu ta dube shi ta ce, "Baban Safiyya, wai ina hular nan taka? Rana za ta gasa maka kai."

"Tana wurin aiki," ya ce, ya juya ya kwanta.

Ranar Alhamis da yamma Shakir ya kira shi ofis. Bai ce masa ya zauna ba.

"Ya Musbahu, halas, magana ta ƙare. An cire layinka daga tallafi. Sun ce duk Riyadh ba layin da ya kai shi zama fayau a makon nan."

Tsoro ya zo wa Musbahu, fushi ya biyo baya. Ya rantse da Allah har tsaye mutane suka yi ta yi, a tambayi duk Manfuha. A ransa kuwa ya riga ya yanke hukunci: Ghali ne ya sayi mai farar jallabiya don a bar masa nasa layin.

"Mudir, a kawo mini wanda ya yi ƙidayar nan. Ya dubi idona ya ce bai ga mutane ba!"

Shakir ya yi masa wani irin kallo na tausayi. "Wane mutum kuma? Mai ƙidayar ai kullum yana kusa da kai a bakin ƙofa. Na'urar biyan kuɗi ce. Wanda ya taɓa katinsa a kanta, shi ne fasinja. Wanda bai taɓa ba, bai hau ba."

A hankali Musbahu ya ɗaga hannu ya shafa sanƙonsa, domin hularsa tana can kife a kan na'urar, inda ya rufe ta tun safiyar Lahadi don kada baƙinsa su biya.